Kwana Biyun Altine a Hannun Keziya

Malam Barnaba ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa a makarantun firamare na ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa gyara wata magana ya bar mutane ba su san shi ya gyara ta ba. Mutumin kirki ne, wannan ba a musu, sai dai yana son a san da kirkin nasa. Daga Zuru ya zo da matarsa Keziya suna da ƙuruciya, aiki ya yi ta yawo da su ƙauye ƙauye, har ya yi ritaya suka gina gida a Jega, bayan tasha. Yanzu dattijo ne a ikilisiya, shi ke karanta nassi ranar Lahadi, da tabarau a kan karan hanci.

Abin da ya fi alfahari da shi a 'yan shekarun nan shi ne sulhun Alhaji Mas'ud da Hamma. Alhaji Mas'ud manomin albasa ne a Aliero, yana da fadama ta wajen Kuberi. Hamma kuwa Bafulatani ne da ya daɗe da zama a gefen Liba da shanunsa. Rani biyu da suka wuce shanun Hamma suka shiga fadamar Alhaji, aka yi faɗa, aka karya wa ƙanen Hamma hannu, har magana ta fara fin ƙarfin gidajen biyu, dangi na ta wasa adda. Malam Barnaba ya san su duka, don ya zauna a gidan su Alhaji yana sabon malami, ya kuma yi shekaru a Liba. Ya yi ta zirga-zirga a kan tsohon babur ɗinsa har aka zauna aka yafi juna. Yanzu ga shi sulhun zai haifi aure: Ridwan ɗan Alhaji zai auri Altine 'yar Hamma, saura mako uku. Duk wanda ya san yadda aka sha wuya ya san auren nan ne zai ɗaure zaman lafiyar, in ya warware kuwa ba wanda zai iya cewa ga inda abin zai tsaya.

Abin da Malam ba ya yawan faɗa shi ne a tsakar gidan Keziya yaran suka ga juna. Keziya na da injin markaɗe a ƙofar gida, kuma ranar kasuwar Jega gidanta ya zama zango. Matan Fulani a nan suke ajiye ƙoransu, su sha ruwa, su ɗauki buta da tabarmar da ta ware musu su yi salla. Ridwan ba ya shiga kasuwa da lodin albasa sai ya biyo ya gaishe ta, don kowa ya san ta ba shi nono. Yana jariri mahaifiyarsa ta yi ciwon nono, Keziya kuma na goyon ɗanta na fari, Ayuba, sai kakar Ridwan ta miƙa mata shi, ta haɗa su biyu har wata guda. Inna yake ce mata. Altine ma Inna take ce mata, amma ta wani dalili. Tana da mako uku a duniya zazzaɓi ya kama mahaifiyarta, wadda ke kawo wa Keziya nono da man shanu a Liba, aka tafi da ita asibiti aka bar jaririyar a hannun Keziya kwana biyu. Uwar ba ta dawo ba, sai gwaggon yarinyar ta zo ta ɗauke ta.

Keziya ba mai yawan magana ba ce. Karatunta bai yi nisa ba, nassi a kunne ta riƙe shi da kuma waƙoƙin Zumuntar Mata, inda ita ke kaɗa tulu. Amma in yaro ya durƙusa gabanta ta ɗora masa hannu a ka ta ce Allah ya yi masa albarka, to ko ɗan wane ne sai ya tashi jikinsa a sanyaye. Malam ya daɗe yana lura da wannan, wani lokacin har da ɗan kishi, don shi da ya san sura da aya bai taɓa ganin yaro ya yi masa irin wannan ladabin ba.

Wata ranar kasuwa Hajiya Naja'atu, mahaifiyar Ridwan, ta zo da goro da alawa na gayyata. Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar dalbejiya, Malam na gefe a kujerarsa yana ta washe baki kamar shi ne angon.

Hajiya ta ce, "Maman Ayuba, ke ta uwar ango, kada ki ce za ki ɓoye bayana. Mun gama komi. Tsohin gida ma sun yi bincikensu, kin san halinsu, ba su barin aure sai sun tona. Sunka ce ba dangi, ba nono tsakani, sai godiya."

Keziya tana ɓare goro a lokacin. Malam ya ga hannunta ya tsaya. Ta ce, "Nono kamar ƙaƙa, Hajiya?"

"Ai kin sani. In yara biyu sunka sha nonon mace guda, ko ba lokaci guda ba, sun zama wa da ƙanwa, ba aure. To ina Ridwan zai haɗa nono da ɗiyar ruga?" Ta yi dariya, ta ci gaba da zancen anko.

Keziya ta raka ta har bakin titi ta sa ta a keke napep, ta dawo. Ba ta koma wurin injin ba, ko da yake mata uku na jira da robobin wake. Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, har Malam ya gaji da jira ya bi ta.

Ta ce, "Malam, na ba Altine nono."

Ya cire tabarau. "Wace Altine?"

"Altine nawa muke da su? Kwana biyun nan da anka bar mani ita. Sun aiko da madarar shanu, in na ɗura mata sai ta amayar, tana ta kuka har muryarta ta dushe. Ni kuwa ina goyon autarmu, nono na zuba a zane. Sai na ba ta. Kwana biyu cur ni ta sha."

"Wa ya sani?"

"Ni da Allah. Kai kana fama da makaranta, ba ka lura ba. Da gwaggonta ta zo ana cikin kukan mutuwa, ba wanda ya tambaye ni, ni kuma ban ɗauke shi abin faɗi ba. Yaro na kuka an ba shi ya yi shiru, mene ne labari a ciki? Na san suna cewa wanda ka ba nono ɗanka ne, shi ya sa nake ganin Ridwan ba zai auri ɗiyar cikina ba. Ban taɓa kawowa a raina cewa su biyun ma na haɗa su ba."

Malam ya zauna. Ya ji tsoro, tsoro na gaske, ya kuma ji haushi, don a gabansa yake ganin aikin rani biyu zai zube. Da ya sami bakin magana sai malamin makarantar da ke cikinsa ya tashi. Ya ce mata wannan doka ba tasu ba ce, babu ita a cikin abin da aka ba su. Ya ce Almasihu da kansa ya sa wa masu sulhunta mutane albarka, bai sa wa masu tayar da abin da ya kwanta ba. Ya ce in ta buɗe baki Alhaji zai ce Hamma ne ya shirya don ya fasa, Hamma zai ce an raina shi, a koma gidan jiya, wannan karon kuma ba hannu kaɗai za a karya ba. Abin da ba wanda ya sani, in ji shi, ba zai cuci kowa ba.

Ta bar shi ya gama, don ta san ba a tare Malam a tsakiyar darasi. Sannan ta ce, "Dokar ba tamu ba ce, gaskiya ne. Amma ba mu za mu zauna a ɗakin ba, su ne. In Altine ta haihu uku sannan ta ji, da wane ido za ta dubi ɗiyanta? Da wane ido za ta dube ni?"

"Wa zai gaya mata?"

"Ni zan riƙa ganinta kowace kasuwa, Malam. Za ta durƙusa ta ce in sa mata albarka. In ɗora hannu in ce me?"

Kwana huɗu suka yi a haka. Malam ya yi ta buɗe shafuka yana neman abin da zai kare kansa da shi, kuma ya samu da yawa, don mai nema ba ya rasawa. Da safe wurin addu'ar gida sai ya zaɓo wuraren da ke maganar salama da kame baki ya karanta da ƙarfi, yana leƙenta ta saman tabarau. Ita kuwa ta ce amin, ta tashi ta kunna injinta. Abinci ne dai ba ta iya ci, ya ga tana tura tuwon gefe, ya kuma ji ta tana addu'a a madafa tana kiran sunayen yaran biyu ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Lahadi da suka dawo daga sujada a coci, tana ninke zanen zumunta, ta ce, "Malam, tuna mani labarin matan nan biyu da sunka kai ƙara gaban sarki a kan jariri guda."

Ya gyara zama, don an zo fagensa. Ya ba ta labarin tiryan-tiryan, yadda kowacce ta ce ɗanta ne, yadda sarki ya ce a kawo takobi a raba, yadda ɗaya ta ce a bar shi da rai a ba ɗayar.

Ta ce, "To da me anka gane uwar?"

"Da ta yarda ta rasa shi."

"Ni ma abin da na riƙe ke nan. Na san in na faɗa, da wuya su sake taka gidan nan. Ina son su zo, Malam, Allah ya sani ranar kasuwa ita ce ranata. Amma in na yi shiru don su ci gaba da ce mani Inna, to kaina na so, ba su ba. Gobe zan tafi Liba."

Ya ce shi kam ba da shi ba, ƙafarsa ba za ta taka ba. Da gari ya waye ta yi wanka ta ɗaura ɗankwali za ta tasha, sai ta same shi a ƙofar gida yana ta dukan kik ɗin babur yana mita cewa motocin Maiyama, masu bi ta Liba, ba sa cika da wuri. Ta hau bayansa.

Sun isa rugar Hamma da hantsi. Damina ta ja baya, gero ya yi kai, hanya duk ciyawa. Altine na zaune a gindin wata bishiya tana goge sababbin ƙoren da za ta tafi da su ɗakinta, ta jera su a kan tabarma. Da ta hango su ta taso da gudu ta karɓi jakar Keziya, tana cewa yau wace rana. Malam ya so a fara da uban, yadda aka saba, amma Keziya ta ce maganar ta yarinyar ce, ita za ta fara ji. Ya tsaya nesa kaɗan wurin babur, yana jin su.

Keziya ba ta yi kwana-kwana ba. Ta kama hannun Altine ta gaya mata yadda aka yi, da madarar da ta ƙi zama, da kwana biyun, da abin da Hajiya ta faɗa. Ta ce, "Laifina na, ɗiyata. Da na faɗa tun kina ƙarama da ba a kai nan ba. Ban san nauyinsa ba, ban kuma tambaya ba."

Altine ta zare hannunta a hankali. "Inna, a gidanki nig gane shi. Ke kika ce mani yaron kirki na. Shekara biyu kina kallonmu."

"Haka ne."

"Da kin yi shiru mana. Wa zai sani?"

"Na yi tunanin haka kwana huɗu. Na kasa."

Yarinyar ta juya ta fara tattara ƙorenta, tana sa ƙarama cikin babba, ba ta sake duban su ba. Malam ya ji tausayinta har ya kawar da kai. Ya kuma dubi matarsa, yana jiran ta fara kare kanta ko ta yi kuka don a tausaya mata, amma tana tsaye kawai, ta bar yarinyar ta ji haushinta yadda take so.

Daga nan Keziya ta sami Hamma ta gaya masa, ya saurara da sandarsa a kafaɗa. Da ta gama ya yi salati a hankali, ya ce, "Ashe ke kir raya muna ita. Shekara ashirin da ɗaya muna cewa madarar shanunmu ta." Ya ƙara da cewa, "Amma Alhaji ba shi yarda. Cewa zai yi ni nis sa ki."

Haka kuwa aka yi. Washegari aka taru a zauren Alhaji Mas'ud a Aliero, warin albasar da ke rumbunan bayan gida na shigowa ta taga. Ga Alhaji, ga Hamma, ga limamin unguwa da aka kira, ga Ridwan a bakin ƙofa kansa a ƙasa. Keziya ta zauna daga gefe a kan tabarma ta sake faɗin abin da ta faɗa, ba ta ƙara ba ta rage ba.

Alhaji ya dubi Hamma, ba ita ba. "Sai da anka sa rana, anka raba goro, sannan nono ya hito? In ba ka son ba mu ɗiyarka, Hamma, ka hwaɗi da bakinka. Ba sai ka aiko muna tsohuwa ba."

Hamma ya miƙe. Malam ya ga yadda ya damƙe sandar. Liman ya ɗaga hannu ya ce a zauna. Ya ce nono nono ne, ko na wace mace, addininta bai hana shi haɗa zumunta ba. Sai dai magana ce ta mace ɗaya, ba shaida, ba a kuma taɓa jin ta ba sai yau, don haka shi ba zai ce dole ba. Amma wanda ya gaskata ta a zuciyarsa, in ji shi, ya san abin da ya kamace shi.

Alhaji ya ce, "To ta rantse. Ta dahwa littahinsu ta rantse."

Malam ya buɗe baki zai yi bayani, Keziya ta riga shi. "Alhaji, ka yi haƙuri, ba na rantsuwa. An koya mana i ɗinmu ya zama i, a'a ya zama a'a. Na ba Ridwan nono a gidan nan, a ɗakin can na kusa da rijiya, kai ma ka sani. Na ba Altine a Liba. Ba wanda ya aiko ni. Maigidana ma hana ni ya yi."

Duk aka juyo aka dubi Malam. Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Amma ya daure ya ce, "Gaskiya ne. Na ce ta yi shiru. Kwana huɗu ina ce mata ta yi shiru, don ina tsoron abin da zai faru tsakaninku. Hamma bai san komai ba sai jiya."

Sai Ridwan ya ɗago, idonsa ja. "Baba, Inna ba ta taɓa yi mani ƙarya ba. Ko ina yaro in nib ɓata abu, ita ka hwaɗa maka gaskiya ko da za ka buge ni. In tac ce ta ba Altine nono, ta ba ta. Na hwasa. Ba Baffa Hamma yah hwasa ba, ni na. Kowa at tambaya a ce mai haka."

Ya tashi ya fita, bai dubi Keziya ba. Ita ta bi shi da ido har ya ɓace, leɓenta na motsi, Malam ya san albarka take sa masa.

Suka kama hanyar komawa Jega har suka kusa gari. Malam ya rage gudu ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Maman Ayuba, ni na karanta, ke kika gane." Ta ce ya dubi hanya, akwai rami a gaba.

Ba a yi faɗa ba. Mutane sun yi ta jira, musamman da rani ya shigo shanu suka gangaro neman ruwa, amma Alhaji ya bar burtalin da ke gefen fadamarsa a buɗe, Hamma kuma ya riƙa bin shanunsa da kansa duk ranar da za su wuce ta nan. Ba su zama abokai ba. In sun haɗu a kasuwa sukan gaisa a tsaye kowa ya kama gabansa. Malam, wanda ya so a yi biki a kira sunansa a lasifika, ya koyi cewa wannan ma salama ce, ya kuma daina ba da labarin sulhun a matsayin aikinsa.

Gidan Keziya ne ya yi shiru. Ridwan ya bi motocin albasa zuwa kudu, ya zauna can, sai dai a ce yana gaida mutanen gida. Hajiya Naja'atu ta ɗauke ƙafa. Matan rugar Liba sun ci gaba da ajiye ƙoransu, amma ba Altine a cikinsu, Keziya kuma ba ta taɓa tambayarsu dalili ba. Kowace kasuwa takan dafa abinci fiye da na mutum biyu, da yamma ta rabar wa maƙwabta. Kowace safiya wurin addu'a takan jera 'ya'yanta na ciki, sannan ta ce da Ridwan da Altine, a ba su abokan zama nagari, a cire musu ɗacin da ta sa musu. Malam ya sha ganin ta kashe injin ta leƙa titi in ta ji an tsaya da babur. Ya yi ta jira ta ce ta yi nadama, ko sau ɗaya, bai ji ba. Abin ya dame shi ƙwarai, ya kuma ƙara mata girma a idonsa fiye da duk shekarun da suka yi tare.

Sai da aka yi wata bakwai. Ranar ba ma ranar kasuwa ba ce, an yi ruwan farko da safe, ƙasa na ƙamshi, Keziya na tsakar gida tana tsince wake. Aka yi sallama a hankali. Altine ce, ita kaɗai, ba ƙwarya a kanta, ta rame. Ta gaida Malam, ta gaida Keziya, ta zauna a bakin tabarma nesa kaɗan. Malam ya ɗauki jaridarsa ta makon jiya ya buɗe, ya kasa tashi.

An daɗe ana gaisuwar shanu da ruwa da mutanen ruga. Sannan Altine ta ce, tana kallon ƙasa, "Na yi hushi da ke, Inna. Har yanzu bai gama hita ba."

"Na sani. Kina da gaskiya."

"Ba shi ak kawo ni ba." Ta ja bakin mayafinta. "Gidanmu ba a zancen innata. Baffa ba shi hwaɗin sunanta, gwaggo in nit tambaya sai ta ce in yi mata addu'a. Ke ta ƙarshen wadda tag gane ta tana magana. Ina son in ji. Ranar da anka tahi da ita, mi tac ce?"

Keziya ta ture farantin waken gefe. Ta ce mata uwarta doguwa ce, mai wushirya, mai son dariya, ba ta taɓa kawo nono ba ta yi gyara ba. Ta ce ranar jikinta ya yi zafi har ba ta iya tsayuwa, maza biyu suka riƙe ta za su sa a mota, amma ta ƙi shiga sai da ta kwance goyon da hannunta. Ta sumbaci tafin ƙafar jaririyar, abin da Bafulatana ba ta yi a gaban mutane, sannan ta miƙo ta.

"Ta ce mani, Keziya, riƙe mani ita har in dawo. Shi ke nan abin da ta ce."

Hawaye na sauko wa Altine, ba ta share ba. Can ta ce, "Ba ta dawo ba."

"Ba ta dawo ba, ɗiyata."

"To ashe ba a sallame ki ba."

Altine ta matso a kan gwiwoyinta har ta iso gaban Keziya, ta sunkuyar da kai. Keziya ta goge hannunta a zane, ta ɗora mata, ta fara sa mata albarka, tana roƙa mata salama a fitarta da shigarta, da miji mai tausayi, da 'ya'yan da za ta gani da idonta har su girma. Altine na cewa amin. Malam Barnaba ya ajiye jaridar, ya cire tabarau, shi ma ya ce amin.